Yadda ake koyon kod ɗin sara a mandolin, mataki-mataki

Tambayar da aka fi yi mini game da mandolin, wani ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya kamar jita, ba ta wuce guda ba: wannan ƙarar "cak, cak" da ake ji a bayan waƙoƙin bulugiras na Amurka, yaya ake fitar da ita? Wasu har rantsuwa suke yi cewa ganga ce. Ba ganga ba ce, don ƙungiyar bulugiras ta gargajiya ba ta da mai ganga. Mandolin ce ke wannan aiki, da wani bugu da makaɗan can suke kira chop, wato sara, salon da aka fi dangantawa da Bill Monroe, mutumin jihar Kentaki. Da sara zan riƙa kiransa a nan.

Yawancin waɗanda suka gwada suka bari, kukansu ɗaya ne: ƙaramin yatsa ya ƙi kaiwa. A ganina ta wutsiya suka kamo abin. Kod shi ne haɗin sautuka da ake dannawa a buga tare, kowanne da harafin sunansa. Kusan kowane zanen kod da za ka gani da kod ɗin G mai yatsu huɗu yake farawa, alhali shi ya fi kowanne wahala. Sara kuwa ba a miƙa yatsu take ba, a sakinsu take. Shi ya sa na tura wannan G ɗin can mataki na 6.

Ga yadda za ka karanta lambobin. Mandolin tana da tsirkiya 8, an jera su tagwaye-tagwaye, kowace tagwaye sautinsu ɗaya: G, D, A, E, daga mai kauri zuwa siririya. Filin da ke tsakanin ƙarafan da aka gitta a wuya shi nake kira gida, ana ƙirgawa daga wajen kai. In na rubuta 7-4-5-x, nufina gida na 7 a G, na 4 a D, na 5 a A, ita kuwa E ba a son a ji ta.

1. Tanadi kayan aiki

Mandolin mai huda biyu dogaye masu siffar harafin f ta fi mai rami ɗaya a tsakiya dacewa da sara, saboda sautinta a dunƙule yake fita kuma ba ya jan wutsiya. Amma in mai rami ɗaya ce a hannunka, fara da ita. Akwai ƙirar A mai siffar ɗigon hawaye, akwai ƙirar F mai naɗe-naɗen ado a kafaɗa. Kuɗin adon nan za ka biya, ba na sauti ba, don haka mai koyo ƙirar A ta ishe shi. Masu kyau na farawa, irin Kentucky KM-150 ko Eastman MD305, farashinsu ɗaruruwan daloli ne kafin kuɗin jigila. Ana samun wasu a kan dala 100 ko ƙasa, sai dai araha ba ta ado, irin waɗannan sai an kai su gyara kafin su kaɗu.

Sai fik, ɗan fallen robar da ake bugun tsirkiya da shi. Nemi mai kauri, milimita 1.4 zuwa 1.5, faffaɗa mai kusurwa uku. Siririn fik na jita lanƙwashewa yake yi a kan tagwayen tsirkiya, sai ka ji "fal-fal" maimakon "cak". Akwai fik na dala 35 da ɗoriya, kada ka kula shi yanzu, na dala biyu ko uku ya wadatar.

Saura maratayi, da 'yar na'urar saita sauti da ake maƙalawa a kan mandolin, wajen dala 10 zuwa 20, da manhajar metironom, mai ƙyas-ƙyas ɗin ƙirga lokaci, wadda ake saukewa kyauta a waya. Ka ajiye setin tsirkiya guda a gefe, wajen dala 10.

Gargaɗi: tsirkiyar mandolin zobe gare ta a ƙarshe, wanda ake maƙalawa a ƙugiya, ta jita kuwa ɗan dunƙulen ƙarfe ne. Kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne. Da yake ba ko'ina ake samun ta mandolin a garuruwanmu ba, in ka sami mai zuwa da ita, sayi seti biyu ko uku.

2. Sauke tsirkiya kafin ka zargi yatsunka

Wannan matakin ake tsallakewa, kuma shi ke kashe wa mutane gwiwa. Setin tsirkiya mai matsakaicin kauri, daga inci .011 zuwa .040, yana jan wuyan mandolin da nauyin da ya kai kusan kilo 80. In aka haɗa wannan da tsirkiyar da ta yi nisa da wuya, ko ƙato ne kai sai ka ji jiki.

Auna tazarar da ke tsakanin ƙasan tsirkiya da saman ƙarfe na 12. A G ta kasance wajen milimita 1.5, a E ta ɗan gaza haka. Fik ɗinka mai kaurin 1.5 shi ne ma'auninka: zura shi a wurin, in yana wasa a ciki da sauran fili, tsirkiyar ta yi sama. Jakin da tsirkiyoyi suka hau a kan cikin mandolin yana da 'yan tayoyin ƙarfe biyu da ake murzawa da yatsa. Sassauta tsirkiya tukuna, ka murza kaɗan, ka sake saitawa, ka saurara. In ta fara zizar ƙarfe, ka wuce gona da iri, mayar da shi sama kaɗan. In gidaje na 1 da na 2 ne kawai suke da tauri, matsalar tana can wajen kai, wannan aikin mai gyaran jita ne, kada ka kai masa wuƙa da kanka.

Mai koyo zai iya fara da seti mai sauƙi, .010 zuwa .038, har yatsu su yi kanta.

Gargaɗi: jakin nan ba a manne yake ba, matsin tsirkiya ne ke riƙe da shi. In ka kwance duka takwas a lokaci guda zai faɗi, kuma in bai koma daidai inda yake ba, kod ɗin da ke can tsakiyar wuya duk za su karkace. Canza su ɗaya bayan ɗaya. Na biyu, hunturu. Katakon mandolin yana son danshin iska na kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, iskar hunturu kuwa takan bushe ƙasa da rabin haka. Katako zai tsuke, tsirkiya ta sauka, wani lokaci fuska ta tsage. Ajiye ta a akwatinta tare da jiƙaƙƙen soso da aka matse, a cikin 'yar robar sabulu mai huji.

3. Hannun dama shi kaɗai

Rataya mandolin ko da a zaune kake, don kada hannun hagu ya zama shi ke ɗauke da ita. Ɗaga kanta sama kaɗan, ka tura shi gaba, yadda bayanta ba zai manne da tumbinka ba. Bayan nan yana motsi da sauti, in ka danne shi ka toshe mata baki.

Yanzu shimfiɗa yatsun hagu a kan tsirkiyoyi duka, taɓawa kawai ba dannawa ba. Riƙe fik tsakanin babban yatsa da gefen manuniya, sako-sako, bakinsa kaɗan ne a waje. Buga ƙasa sau ɗaya, da sauri, daidai inda allon wuya ya ƙare. Bugun daga wuyan hannu yake fitowa, kamar mai yarfe ruwa bayan wanke hannu, gwiwar hannu rakiya kawai take yi. Abin da kake nema shi ne tsirkiyoyin su yi ƙara ɗaya, "cak". In ka ji "tarrr", ka ja fik ɗin ne maimakon ka yarfa.

Nauyin bugun ya sauka a kan G da D, masu kauri. Can ƙugin sara yake. Ko fik bai kai E ba babu laifi, yawan E ma tsiwa yake sa wa sautin.

Kunna metironom a 60, wato ƙyas 60 a minti. Ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ƙafa ta taka a ɗaya da uku, hannu ya sara a biyu da huɗu. Yi kwana uku a nan, minti biyar-biyar, ba tare da ka kama kod ko ɗaya ba. Na san abin da gundura, amma wanda ya tsallake nan zai dawo.

Gargaɗi: kada ka kafa tafin hannu a kan jaki, yana kashe sauti kuma yana ɗaure wuyan hannu.

4. Matsa, ka saki

Nan ne gidan sara, saboda haka a nan zan daɗe.

Kama D mai yatsu uku, 7-4-5-x: yatsan zobe a gida na 7 na G, manuniya a gida na 4 na D, na tsakiya a gida na 5 na A. Kowane yatsa ya zauna dab da bayan ƙarfe, ba tsakiyar gida ba, ba kuma kan ƙarfen ba. Cikin yatsan tsakiya ya ɗan kwanta ya taɓa E don ta yi shiru. Buga tagwayen ɗaya bayan ɗaya ka tabbata ukun suna fita tas, ta huɗu kuma ta mutu.

To, ga sirrin. Yatsunka a kwance suke a kan tsirkiya ba matsi. Daidai lokacin da fik zai sauka, ka matsa. Da ya wuce, ka saki matsin, amma yatsu ba sa barin tsirkiya. Tsirkiyar ce za ta tashi daga kan ƙarfe, fatar yatsa kuma ta kashe ta nan take. Abin da kunne zai ji shi ne ɗan haushi gajere, "wuf", mai ɗauke da launin kod ɗin, sannan shiru.

Fara da tsawo. Buga, bar shi ya yi ƙara na daƙiƙa guda, ka saki. Sai rabin daƙiƙa. Ka yi ta rage shi har matsi da saki su zama motsi ɗaya kamar bugun zuciya. Kurakurai uku ake yi a nan, kuma kowanne yana da muryarsa. In ka ji wata 'yar ƙara ta biyo bayan sakin, ka ɗaga yatsu gaba ɗaya, sakakkun tsirkiyoyi suka yi magana. In ka ji "cak" busasshe babu sautin kod, ka makara wajen matsawa, ko ka saki tun fik bai iso ba. In kuwa sautin yana jan jiki, ka manta da sakin.

Wannan ne dalilin da ya sa kod ɗin sara ba su da sakakkiyar tsirkiya. G mai yatsu biyu da ake koya wa kowa ranar farko, 0-0-2-3, yana da daɗi, amma tagwaye biyu a cikinsa babu yatsa a kansu, ba mai kashe su. Ba ya saruwa.

Yawan sautin kod da za a bari a cikin sara kuwa, makaɗa sun bambanta. Wasu suna son busasshiya kamar tafi, wasu mai ƙugi. Ni ina ba mai koyo shawarar mai ƙugi, domin busasshiya tana ɓoye yatsan da bai zauna daidai ba, ka shekara kana tsammanin ka iya.

Akwai wata riba da ba a faɗa: tun da rabin lokaci hannunka a sake yake, sara ta fi riƙe kod a danne sauƙi ga hannu. In kana gajiya cikin minti biyu, ba ka saki da gaske.

5. Kod uku da siffa ɗaya

Janyo siffar nan baya da gida biyu, ka sami C: 5-2-3-x. Daga C, tsallaka da yatsun uku gaba ɗaya zuwa tagwaye na gaba, wajen sirara, ka sami ƙaramin G: x-5-2-3. A nan kan yatsan zobe ne zai ɗan taɓa tagwayen G ya kashe su.

Da G, C da D ka riga ka mallaki waƙoƙin bulugiras masu ɗimbin yawa, don galibinsu a kan kod uku suke tafiya. Gwada wannan jeri, kowane harafi sara biyu: G G C G, sannan G G D G.

6. Ƙaramin yatsa

Cikakken G shi ne 7-5-2-3: ƙaramin G ɗin da ka sani, sai ƙaramin yatsa ya haye zuwa gida na 7 a tagwayen G. A mandolin mai tsawon tsirkiya santimita 35, tazarar da ke tsakanin ƙarfe na 2 da na 7 ta kusa santimita 8. Wannan siffar a A, wato 9-7-4-5, santimita 7 ce. A B, 11-9-6-7, 6 ce da 'yan kai. Gidajen suna tsukewa in ana hawa. To me zai sa ka fara daga mafi faɗi?

Fara daga B. Sai ya fita tas kwana biyu ko uku a jere sannan ka sauko gida ɗaya, 10-8-5-6. Daga nan A, sai 8-6-3-4, sai G. Wani zai yi tafiyar nan a mako biyu, wani wata biyu, kuma girman hannu ba shi ne ke yanke hukunci ba kamar yadda ake zato. Yara ƙanana suna kama shi.

Dabara uku ke buɗe hannu. Ta farko, aza ƙaramin yatsa da na zobe tukuna, sannan ka miƙa manuniya baya. Manuniya ta fi jure miƙewa, in ka kafa ta da farko ka ce ƙarami ya nemi hanya, ba zai kai ba. Ta biyu, yatsu su kwanta a karkace suna kallon cikin mandolin, kamar na mai gogen Turawa, ba a miƙe suna gitta wuya kamar na mai jita ba. Ta uku, babban yatsa ya zame ƙasa kaɗan zuwa bayan wuya, wajen gida na 3 ko na 4, tafin hannu kuma kada ya manne da katako.

Gargaɗi: zafin kan yatsa na kwanakin farko ba komai ba ne, kanta ce ke zuwa. Amma zafi mai suka a wuyan hannu, ko a gindin babban yatsa, ko yatsu su riƙa mutuwa, wannan ajiye mandolin ake yi a huta. Minti goma sau biyu a rana ya fi awa guda a zama ɗaya. Sannan masu zuwa daga jita su lura: ɗigon alama a wuyan mandolin yana gida na 5, 7, 10 da 12. Jita a na 9 take da shi, ba na 10 ba. Da yawa sun kama A a gida na 10 saboda wannan.

In ƙaramin yatsa ya kai gidansa amma sautinsa bai fita ba, bar shi a wurin. Ko ba komai yana kashe tagwayen G, sautin zai zo daga baya.

7. Sauya kod ba tare da sara ta faɗi ba

Tsakanin sara da sara akwai shiru, a cikin shirun nan ake tafiya. Da ka saki sarar ƙirge na huɗu, yatsu su kama hanya, suna shafar tsirkiya, ba tashi sama ba. Kana da bugu ɗaya cur kafin a sake bukatarka.

Daga G zuwa C, ƙaramin yatsa ya tashi, ukun su tsallaka tare kamar an ɗaure su. Daga C zuwa D zamewa ce ta gida biyu. Daga G zuwa D ne ake tuntuɓe, don tsallake da zamewa ne a haɗe. Akwai wata hanyar: D mai yatsu huɗu, 7-4-5-2. Ƙaramin yatsa yana nan a gida na 7 bai motsa ba, na tsakiya ya koma 4 a D, na zobe 5 a A, manuniya 2 a E. Da farko kamar yatsu sun harɗe, amma da yake ƙarami turke ne, hannu ba ya ɓata. Koyi duka biyun.

Dokar wannan mataki ita ce hannun dama ba ya jiran na hagu. In yatsu ba su isa ba, sara a kan matattun tsirkiyoyi ka wuce. Busasshiyar sara a kan lokaci ba wanda zai juyo ya dube ka, kod mai kyau da ya makara kuwa kowa zai ji.

Sauya maɓallin waƙa, wato ɗaga muryarta ko sauke ta, ɗaukar siffofin gaba ɗaya ne a matsar. A maɓallin A: 9-7-4-5, 7-4-5-x, 9-6-7-x, wato A, D, E. A maɓallin B: 11-9-6-7, 9-6-7-x, 11-8-9-x. In waƙa ta nemi kod mai sanyin murya, wanda ake rubutawa da ƙaramin m, janye manuniya baya gida ɗaya: E 9-6-7-x ya zama Em 9-5-7-x.

8. Lokaci, da zama cikin jama'a

Ka san lugude, mata biyu a turmi ɗaya, wannan taɓarya na tashi waccan na sauka. Haka mandolin take da bes, ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya da kaurin murya: shi ɗaya da uku, "dum", kai biyu da huɗu, "cak". In kuka sauka tare, an ɓata daka.

Daga 60, ƙara biyar-biyar, kuma kada ka ƙara sai ka yi minti biyu ba kuskure. Da ka kai 100, juya wasan: mayar da metironom 50, ka ɗauki kowane ƙyas a matsayin biyu da huɗu, ka sara a kansa. In ka dace daidai, ƙyas ɗin ɓacewa zai yi a cikin sararka. In kana jin sa gaba ko baya, kai ne ka kauce. Waƙoƙi masu gudu suna wuce sara 120 a minti, amma gudun nan daga sakin jiki yake zuwa, ƙarfi ba ya kawo shi. Waƙa mai ƙirgen uku kuma, bes ke da ɗaya, kai ka sara a biyu da uku.

Ɗauki kanka a waya kana bin wata waƙa, ka saurara washegari. Kuskuren da aka fi kamawa shi ne juyewa: mutum ya fara a biyu da huɗu, wajen sauya kod ya zame ya koma ɗaya da uku bai sani ba. Maganinsa ƙafa, kada ta daina takawa. Don kunne ya san abin da yake nema, saurari Monroe, ka saurari Sam Bush, wanda sararsa ta yi suna ƙwarai.

Ranar da ka zauna da wasu makaɗa, rage ƙarfi in ana waƙa ko in mai jita ne ke fitar da nasa, don jita ba ta da murya kamar banjo, abin kiɗa mai tsirkiya mai fuskar ganga. In mandolin biyu ne a wurin, ɗaya ya sara, ɗaya ya saurara, sara biyu da ba su haɗu ba sun fi babu muni. Kuma ka yi hattara da kallon hannun mai jita. Su da masu banjo suna ɗaura matsi a wuya, abin da suke kira kafo. In kafo yana gida na 2, siffar G da ka gani a hannunsa A ce a kunne, in yana na 4 kuma B ce. Masu mandolin a bulugiras galibi ba sa sa kafo, don haka ƙirga gidan da ya ɗaura shi, ka matsar da siffofinka da wannan adadi.